Ayari da Zango: Ra'ayin Masu Son Shirin "Deep Space Nine" da Abin da Mutumin Tawa Zai Gani a Ciki

Tun daga ƙarshen shekarun 1970, lokacin da talabijin ta ƙasa ta fara aiki, aka kuma kai akwatunan kallo na jama'a masu aiki da hasken rana cikin garuruwa da ƙauyuka, mutanen jihar Tawa suka saba da zama gaban akwati bayan sallar isha'i. A yau faranti a bisa soro da wayar hannu sun shigo da labarun ƙasashe masu nisa har tsakar gida. Daga cikinsu akwai irin wanda ake kira tatsuniyar kimiyya, watau labarin da aka ƙaga a kan zamanin da bai zo ba tukuna, inda ɗan Adam ke yawo tsakanin taurari kamar yadda yake yawo tsakanin kasuwanni. Dattawa da yawa sun ɗauke shi wasan yara. Amma akwai guda ɗaya da ya cancanci ma'aikaci da ɗalibin yaƙi da jahilci su san da shi, domin zancen da yake ɗauke da shi zance ne da ƙasar nan ta sani sarai.

Uwar bishiya da reshenta

A shekarar 1966 wani Ba'amurke mai suna Gene Roddenberry ya ƙirƙiro shirin talabijin da ake kira Star Trek. Labari ne na jirgin sama jannati da ke tafiya daga wannan duniya zuwa waccan, da ma'aikata daga jinsi dabam-dabam, suna aiki a ƙarƙashin wata hukuma, Tarayyar Duniyoyi. An nuna kashi 79, aka tsaya a 1969. A cikin ma'aikatan jirgin akwai wata mace baƙar fata mai kula da sadarwa, wadda Nichelle Nichols ta fito a matsayinta. Ita kanta ta sha ba da labarin cewa ta yi niyyar barin aikin, sai Martin Luther King, shugaban masu neman ƴancin baƙar fata a Amurka, ya roƙe ta ta zauna, domin ƴaƴan baƙar fata suna ganin kansu a wurinta. Ɗaya daga cikin yaran da suka tashi suna kallonta ita ce Mae Jemison, wadda a 1992 ta zama mace baƙar fata ta farko da ta je sararin samaniya.

Shirin da ya karɓu yakan yi rassa, kamar yadda bishiya take yi: a ɗauki duniyarsa da dokokinsa, a sa sababbin mutane a ciki. Reshe na farko mai girma ya fito a 1987, shi ma labarin jirgi ne. Roddenberry ya rasu a 1991. A watan Janairu na 1993 Rick Berman da Michael Piller suka fito da wani reshen, Star Trek: Deep Space Nine, wanda ya yi shekara bakwai da kashi 176, ya ƙare a watan Yuni na 1999. An juya shi zuwa Faransanci. A kan wannan reshe ne masu kallo suka rabu gida biyu.

Inda aka rabu

Abin da ya raba su shi ne cewa labarin bai hau jirgi ba. An kafa shi a wata tasha da ke tsaye wuri ɗaya a sararin samaniya. Masu suka suka ce an kashe zuciyar shirin, tun da daɗinsa duka yana cikin tafiya da ganin sabon wuri kowane mako. Suka ƙara da cewa Roddenberry ya yi nufin nuna zamanin da ɗan Adam ya bar gaba da haɗama, ga shi kuma an cika sabon shirin da yaƙi, da ƙarya, da cin amana. Har wa yau suka yi kukan cewa labarin sarƙe yake, wanda ya rasa kashi biyu ko uku sai ya ɓace.

Masu sonsa suna amsawa da hujjar da mutumin Adar zai gane ba tare da dogon bayani ba, domin bambanci ne irin na ayari da zango. Madugu yakan sauka a gari, ya sasanta rigima idan ya tarar, ya saya ya sayar, da asuba ya ɗaura kaya ya wuce; abin da ya biyo bayan hukuncinsa ba zai gani ba. Mazaunin zango kuwa yana nan gobe da jibi. Wanda ya zalunta zai gamu da shi a rijiya, wanda ya yi wa alkawari zai zo ya yi sallama. A ganin masu son shirin, rassan da ke bisa jirgi labarin madugu ne, wannan kuwa labarin mazaunin zango ne, saboda haka ya fi su nauyi. Ba su tsaya ga baki ba: a 2017 sun tara fiye da dalar Amurka 600,000 daga aljihunsu domin a shirya silima a kan tarihin shirin, wadda Ira Steven Behr, babban marubucinsa, ya jagoranta, ta fito da sunan What We Left Behind.

Ƙasar da ƴan mulkin mallaka suka bari

Ga yadda labarin yake. Wata duniya mai suna Bajor ta yi kimanin shekara hamsin a hannun Kardasawa, masu ƙarfin soja. Sun kwashe arzikin ƙasar, sun gina tashar nan domin tace wani ma'adini da marubuta suka raɗa wa suna uridium, suna sa Bajorawa aikin tilas a ciki. Da tawaye ya ishe su suka janye, amma sai da suka lalata abin da ba su iya ɗauka ba. Gwamnatin wucin gadi ta Bajor, ba kuɗi, ba ƙwararru, ga ɓangarori suna jayayya, ta gayyaci Tarayyar Duniyoyi ta taya ta riƙon tashar. Aka aiko Kumandan Benjamin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa. Shi ne baƙar fata na farko da ya ja ragamar wani shiri na Star Trek. Matarsa ta rasu a yaƙi, yana renon ɗansa Jake shi kaɗai, kuma masu son shirin suna yawan yabon yadda aka nuna shaƙuwar uba da ɗa.

Mataimakiyarsa, Kira Nerys, ƴar ƙasa ce da ta yi yaƙin sari-ka-noƙe tun tana yarinya, kuma ba ta yarda da baƙin ba, tana tsoron kada a kori wani ubangida a shigo da wani. Akwai wani wuri a kashi na farko da masu kallo ba su mantawa da shi. Sabon likita, Julian Bashir, yana ta murna cewa shi da kansa ya zaɓi a turo shi bakin daji, inda jarumai ke yin suna. Kira ta tsayar da shi, ta tuna masa cewa wurin da yake kira daji gidanta ne. Wanda ya fito a matsayin likitan, Siddig El Fadil, haifaffen Sudan ne, ɗan ɗan'uwan Sadiƙ al-Mahdi, tsohon firaministan ƙasar. Duk ma'aikacin da ya taɓa aiki da ƙwararrun baƙi ya san irin wannan magana, ya kuma san cewa mai faɗinta sau da yawa ba da mugun nufi yake yi ba. Shirin bai mai da likitan mugu ba. Ya bar shi ya zauna, ya koya, ya zama mai amfani. Mutanen Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata suna ɗaukar duwatsu a ka domin tare zaizayar ruwa, sun ga abin da haɗin baƙo da ɗan gari yake iya haifarwa idan baƙon ya daɗe ya saurara.

Farefe da akawu

Tsohon mai mulkin Bajor a zamanin mallaka shi ne Dukat, kuma laƙabinsa a cikin labarin shi ne farefe. Mutum ne mai fara'a da iya magana, wanda ya gaskata har zuciyarsa cewa alheri ya yi wa Bajorawa, har yana mamakin yadda ba su kafa masa mutum-mutumi ko ɗaya ba. Masu son shirin suna cewa da wuya a sami inda aka zana halin ɗan mulkin mallaka kamar nan, domin bai taɓa ganin kansa azzalumi ba.

Amma kashin da suka fi ambata shi ne wanda ake kira Duet, na shekarar 1993. Wani Bakardashe ya iso tashar da ciwon da ba a kamuwa da shi sai a wani sansanin aikin tilas mai suna Gallitep. Aka kama shi. Bincike ya nuna kamar shi ne shugaban sansanin, shi ma ya amsa, yana alfahari da kisan da aka yi. Daga baya gaskiya ta fito: shugaban ya daɗe da mutuwa, wannan kuwa akawunsa ne, mai ajiye takardu, Aamin Marritza. Da dare yakan toshe kunnuwansa kada ya ji kukan waɗanda ake azabtarwa, bai taɓa ɗaga murya ba. Abin ya hana shi sakat, har ya sa aka canza masa fuska ya ɗauki sunan ubangidansa, domin a yi masa shari'a a bainar jama'a, ƙasarsa ta amsa laifinta. Kira, wadda ta fi kowa son a kashe shi, ita ce ta sake shi. Yana fita wani Babajore ya soke shi da wuƙa, dalilinsa kawai shi ne mutumin Bakardashe ne. Kira ta ce masa wannan bai isa dalili ba.

A ƙasar nan ma an yi aikin tilas, sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny ta soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Kafin a kai mutum fasa dutse ko gyaran hanya, sai wani ya rubuta sunansa a littafi, wani ya yi tafinta. Tambayar da kashin nan yake yi wa duk mai riƙe da alƙalami da hatimi ita ce: me kake rubutawa, kuma wa zai ɗauki nauyinsa?

Hanyar iraniyom

A cikin labarin an gano wani mashigi kusa da Bajor, wanda ke kai jirgi wani ɓangare mai nisan gaske cikin ƙiftawar ido. Nan da nan aka ja tashar zuwa bakinsa domin ya zama mallakar Bajor. Wurin da aka gina domin tace ma'adini ya koma kasuwa da masauki, fatake suna shiga suna fita, manyan dauloli kuma suka sa masa ido. Arzikin ya zo tare da haɗari, har Sisko da kansa ya shawarci Bajor ta dakata da shiga Tarayyar da shi yake wakilta, domin kada yaƙin da ba nata ba ya cinye ta.

Tawa ma zango ce tun asali, inda makiyayin arewa da manomin kudu ke haɗuwa a kasuwar Lahadi. An gano iraniyom a Azelik a 1957. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi daga Arlit a 1971, COMINAK a 1978. Domin jigilarsa aka shimfiɗa kwalta mai tsawon fiye da kilomita 600 daga Tawa, ta Tabalak da Abalak da Agadas, zuwa Arlit, aka gama ta wajen 1980. Shekara da shekaru manyan motoci suna ratsa garin da wannan kaya, matafiya suna kuka da lalacewar hanyar, samarin Adar kuma suna fita ci-rani zuwa Abijan da sauran biranen bakin teku. COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, a 2025 kuma gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Me zango yake samu daga ayarin da ke wucewa, yaya kuma ƙaramar ƙasa mai abin da manya ke so za ta riƙe kanta? Shirin ya yi shekara bakwai yana juya waɗannan tambayoyi, kuma bai yi wa mai kallo ƙaryar cewa amsarsu mai sauƙi ce ba.

Wa zai rubuta labarin gobe?

A 1998 aka nuna kashin Far Beyond the Stars, wanda Avery Brooks ya shirya da kansa. Sisko ya ga kansa a birnin New York a 1953, a matsayin Benny Russell, marubuci baƙar fata a wata mujallar tatsuniyar kimiyya. Ya rubuta labarin tashar sararin samaniya da baƙar fata ke shugabanta. Edita ya ce masu karatu ba za su yarda ba. Aka sasanta a kan a mai da labarin mafarki, duk da haka mai mujallar ya sa aka lalata bugun gaba ɗaya, aka kori marubucin. Masu son shirin suna ɗaukar wannan kashi a matsayin amsa ga masu cewa tatsuniyar kimiyya shirme ce: da ba ta da ƙarfi, da ba a hana wasu rubuta ta ba.

Tawa tana da nata misali. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, yana cikin waɗanda suka fara silimar zane mai motsi a Afirka, kuma a garin Tawa ya zauna shekaru da yawa, ya mai da wani sashe na otel ɗinsa wurin aiki. A 1966 ya fito da Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ya nuna abin da ke faruwa idan aka ari labarin wasu aka sa shi kamar riga ba tare da tunani ba, ya kuma nuna cewa ɗan ƙasa yana iya ɗaukar salon baƙi ya faɗi nasa zancen da shi.

Masanin tarihi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, aka buga a 1975. Abin da ya rage shi ne labarin Adar bayan shekara ɗari: ko rijiyoyin Abalak za su ƙafe ko za su ƙaru, me za a yi da ramukan Arlit, wane kaya ne zai bi hanyar kwalta idan iraniyom ya ƙare. Wannan aiki ba ya bukatar jirgi ko kuɗin Amurka. Malamin lakwal zai iya ba ɗalibansa shi a matsayin aikin gida, wanda ya ƙare ajin yaƙi da jahilci kuma zai iya fara shi da Hausa a littafin rubutu, ya karanta wa jama'a a dandali.