TAKARDAR NEMAN AIKI: ABIN DA ƊAN ANKA DA GUMMI DA BUKKUYUM ZAI RUBUTA

Kowace shekara samari da 'yan mata daga Anka da Gummi da Bukkuyum kan sauke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ko kuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sa'an nan su nufi Gusau neman aiki. Abin da a kan fara nema a hannunsu shi ne takardar tarihin karatu da aiki, watau si-bi. Da yawa kan dubi tasu su ga kamar ba kome a ciki, sai su tafi shagon masu buga takardu a cika musu ita da ayyukan da ba su taɓa yi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen shekaru. Ma'aikatu da yawa kan ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka, ga shi kuwa yaron ƙauye ya kan shiga makaranta a makare, don haka sai ya je kotu ya yi rantsuwa ya rage uku ko huɗu. Amma ranar haihuwar da ya bayar tana nan a takardar jarrabawar WAEC ko NECO, tana kuma nan a rajistar katin ɗan ƙasa, jami'in tantancewa kuwa ba abin da zai yi illa ya jera su a kan tebur. Ba a manta da Salisu Buhari ba, Kakakin Majalisar Wakilai wanda ya sauka a watan Yuli na 1999 saboda digirin jabu na Jami'ar Toronto da ƙaryar shekaru, ko da ya ke shi ƙarawa ya yi, ba ragewa ba. A 2018 kuma Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta yi murabus a kan takardar yafe hidimar ƙasa. Ƙaramin akawu ba shi da gatan da ya kai nasu.

Alhali kuwa ɗan wannan yanki ba ya rasa abin rubutawa na gaskiya. A 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, mutanen yankin ne suka yi aiki tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aikin da ya isa Bagega a 2013. Wanda ya yi tafinta ko ya riƙe rajistar marasa lafiya a lokacin, aiki ya yi, sai ya rubuta wurin da watannin da sunan wanda ya shugabance shi. Haka nan wanda ya yi allurar rigakafin shan-inna gida-gida, ko aikin wucin gadi na zaɓe, ko koyarwa kyauta a makarantar Islamiyya. “Na koyar da lissafi a aji biyar shekara biyu” ya fi “ƙwararre mai hazaƙa” nauyi a wurin mai ɗaukar ma'aikata.

Giɓin shekaru ma ba abin ɓoyewa ba ne. An rufe makarantun Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, malaman jami'a kuma sun yi yajin aiki na wata takwas a 2022. Jami'in da ke Gusau ya san wannan sarai, layi ɗaya ya isa bayani.

Takardar kada ta wuce shafi biyu, a fara da karatu ko aikin baya-bayan nan. Masu tsaya wa mutum kuwa, a nemi izninsu tukuna. Shugaban makarantar da ya san ɗalibinsa ya fi babban mutumin da za a buga wa waya ya ce bai gane wanda a ke nufi ba.