YADDA AKE ZAƁEN TAYAR MOTA

Yawancin mutane in za su yabi mota sai ka ji sun ce injinta lafiyayye ne, ko kuwa fentinta yana ɗaukar ido. Ba mai tunawa da taya sai ran da ta yi bindiga a kan hanya. Alhali kuwa duk girman mota, wuri huɗu kaɗai take taɓa ƙasa, kowane wuri kuma bai fi faɗin tafin hannun babban mutum ba. Ƙarfin inji da birki da sitiyari duk a kan waɗannan wurare huɗu suke dogara. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani game da zaɓen taya, musamman ga wanda motarsa guda ce amma aiki biyu take yi masa.

Mu mutanen Dundaye mun san irin wannan mota sarai. Garinmu yana ƙetaren Gulbin Rima, cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, maƙwabtaka da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa a 1975. Daga Litinin zuwa Juma'a mai mota yana bin kwalta, ya wuce Kwalkwalawa, ya shiga birni wurin aiki ko ya kai yara makaranta. Ran Asabar kuwa motar nan ita ce za ta gangara fadama ta ɗauko albasa ko shinkafa, ta bi burji mai gargada, ta keta rairayi, in da damina ne ta sha laka. To, wace irin taya ce za ta iya da wannan duka?

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka akwai wani wasan mota da ake kira otokuros. Akan sami wani makeken fili mai kwalta, a jera 'yan robobi masu tsini su zama hanya mai yawan kwana, sa'an nan motoci su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo. Wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙanƙanta ba tare da ya ture roba ba, shi ya ci. Da yawa daga cikin masu wannan wasa da motar da suke zuwa aiki suke yinsa. Su ma tambayarsu ita ce, tayar da za ta kama ƙasa a wurin wasa za su saya, ko wadda za ta daɗe tana kai su ofis? A nan ƙasarmu abin da ya fi kusa da wannan shi ne tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu. A 2020 motocin daga Abuja suka taso, ƙarƙashin kulawar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, wadda a lokacin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, yake shugabanta.

Asalin matsalar a jikin robar take. Roba mai taushi tana manne wa hanya kamar ƙaro, mota ta sha kwana ba ta zame ba, ta kuma tsaya da wuri in an taka birki. Amma fa saurin cinyewa gare ta. Roba mai tauri kuwa tana daɗewa, sai dai ba ta kama ƙasa kamar waccan. Haka kuma zanen da ke jikin taya. Zane mai manyan ƙusoshi da zurfin rami yana haƙa laka ya fita, amma a kan kwalta sai ya riƙa gurnani, ya ƙara wa mota shan mai. Zane ƙanana mai santsi ya fi daɗin tafiya a kwalta, amma da ya shiga taɓo sai ramukansa su cike, taya ta yi ta juyawa wuri guda. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba a taɓa yin tayar da ta fi kowace a ko'ina ba. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya duba inda motarsa ta fi bi, ya zaɓa daidai da wannan.

Kafin mutum ya iya zaɓe sai ya iya karanta rubutun da ke gefen taya. Wannan aikin namu ne, mu 'yan makaranta, mu taimaki iyayenmu da shi. A ce ka ga an rubuta 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ke nan a milimita. Lamba 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta, watau irin ginin da kamfanin Michelin na Faransa ya fito da shi a 1946. Lamba 15 kuwa girman rim ne a inci. Sai 91, wadda ke nuna nauyin da taya guda za ta iya ɗauka, watau kilo 615. Harafin ƙarshe na gudu ne. H na nufin kilomita 210 a awa, T kuwa 190, S kuma 180. Wannan ba izini ba ne a yi irin wannan gudu, iyakar ƙarfin tayar kawai aka faɗa.

Tsayin gefen taya yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu. Samari suna son babban rim da siririyar taya mai lamba 45 ko 40, don ta fi kyan gani, kuma gaskiya ta fi jin sitiyari a kan lafiyayyar kwalta. Masu otokuros ma irinta suke nema. Amma ranar da ta faɗa rami, ko ta bi gargada da kaya a bayanta, babu isasshiyar iska tsakanin rim da ƙasa, sai gefen ya kumbura ko rim ya lanƙwashe. Ga wanda yake shiga ƙauye, taya mai lamba 65 ko 70 ta fi rufin asiri, muddin dai girman ya dace da abin da masu ƙera motar suka rubuta.

A jikin tayoyi da yawa akwai kuma waɗansu alamu uku da hukumomin Amurka suka wajabta. Ta farko lamba ce ta jimirin zane. Taya mai 400 ana sa ran ta ninka mai 200 daɗewa, in kamfani ɗaya ya yi su. Masu otokuros da motar gida sukan sayi mai 200 don kamun ƙasa, sun kuwa san ba za ta daɗe ba. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Alama ta biyu ta riƙon jiƙaƙƙiyar hanya ce, daga AA zuwa A, B da C. Ta uku ita ce ta jure zafi, A ko B ko C. Wannan ta ukun ita ta fi shafarmu, domin a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Wanda yake doguwar tafiya, kamar zuwa Illela ko Gusau ko Birnin Kebbi, ya yi ƙoƙari ya sami mai A.

Sai maganar shekaru. Kusa da haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, balle in an jibge ta a rana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin direbobi kada su yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da yi.

Wannan ya kawo mu ga tayar gwanjo. Da can ana yin taya a Nijeriya. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, amma na farko ya rufe a 2007, na biyun ya daina a 2008. Tun daga nan sai aka dogara da ta waje, tsada kuwa ta tura mutane da yawa ga tsofaffin tayoyi, ko da yake doka ta hana shigo da su. Za ka ga zanen yana da saura, an goge ta tana ƙyalli, amma ba wanda ya san irin wahalar da ta sha a ciki. Waɗansu ma an yi su ne don lokacin ƙanƙara a Turai. Ana gane su da hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a tsakiya. Robarsu mai taushi ce ƙwarai, zafinmu yana cinye ta da sauri. Araha dai ba ta ado, kuɗin sabuwar taya kuma bai kai na asibiti ba.

To, yanzu me mutumin Dundaye zai saya? In mafi yawan tafiyarsa a kwalta ce, shiga fadama sai jifa-jifa, ya nemi tayar kwalta mai tsayin gefe, mai jure zafi, wadda lambar nauyinta ba ta gaza abin da aka rubuta wa motar ba. In kuwa a-kori-kura ce da kullum tana tsakanin gona da kasuwa, akwai taya mai alamar A/T wadda aka yi ta tsaka-tsaki, ba ta kai ta laka ƙusoshi ba, amma ta fi ta kwalta. Mai hali yana iya yin abin da gwanayen otokuros suke yi, watau ya ajiye saiti biyu, ya canja in buƙata ta taso. In taya biyu kaɗai kuɗi suka isa, a sayi iri ɗaya, a sa sababbin a baya, domin in bayan mota ya zame a kan kwana ya fi gaba wuyar riƙewa.

Bayan saye sai kula. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, kada mai faci ya cika har can. Direbobi sukan rage iska in za su keta rairayi, dabara ce mai kyau, amma wajibi ne a mayar da ita da zarar an hau kwalta. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, ita ce kan yi bindiga. A riƙa duba zurfin zane, in ya sauka zuwa milimita 1.6 tayar ta gama aiki, ruwan sama kaɗan zai sa ta sulɓi. Kada kuma a manta da safaya.

Daga ƙarshe ina jan kunnen 'yan'uwana samari masu wasa da mota ranar biki, suna juya ta a tsakiyar titi har taya ta yi hayaƙi. Waɗanda suke wasan otokuros a killataccen fili suke yi, da hular kwano, da alƙalai, ba a cikin jama'a ba. Titin da ɗan makaranta da mai tallan nono da mai jaki suke bi ba filin tsere ba ne. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.