Me ya sa ake hana ƴan kallo shiga filin wasa lokacin annoba?

Jama'a masu karatu, mun san yadda wasa yake tara mutane a ƙasarmu. Bayan kaka, in an kai hatsi rumbu, sai a ji gangar kokowa gari gari. Tun shekarar 1975, da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, duk jihar da aka kai takobi sai ta cika da baƙi. A Yamai kuma, babban filin Seyni Kunce yana ɗaukar mutum wajen dubu 35. Taro irin wannan abin farin ciki ne. Amma in annoba ta shigo, taron nan shi ne hanyar da ta fi so. Shi ya sa a shekarar 2020 ƙasashe da yawa suka rufe filayen wasa, ko suka bar ƴan wasa su kaɗai ba masu kallo. Bari mu duba dalilin, don mu san abin yi in wata ta sake zuwa.

Yadda cuta take tafiya cikin taro

Cutar Korona ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019. Ran 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya. Ƙwayar cutar tana fita daga baki da hancin mai ɗauke da ita, cikin numfashi da tari da atishawa. Wanda yake kusa sai ya shaƙa. In mutum yana ihu ko waƙa, abin da yake fitarwa ya fi na mai magana a hankali yawa. To, wa ke zuwa kallon wasa ya yi shiru? Ana zama kafaɗa da kafaɗa awa biyu ko fiye, ana kuwwa, ana rungumar juna in an ci.

Abin da ya fi muni shi ne, mutum yana iya ɗaukar ƙwayar kwana da kwanaki bai ji komai ba. Yana ganin kansa lafiya lau, alhali yana raba wa na kusa da shi. Mai tsaron ƙofa ba shi da yadda zai gane shi da ido.

Abin da ya sami garin Bergamo

Bergamo gari ne a arewacin Italiya, mai mutum wajen dubu 120. Ran 19 ga Fabrairu 2020, ƙungiyar ƙwallon garin, mai suna Atalanta, ta kara da Balansiya ta ƙasar Sipaniya. An yi wasan a birnin Milan. Mutum wajen dubu 40 suka taso daga Bergamo da kewayenta, cikin motoci da jiragen ƙasa. Ƙungiyarsu ta ci huɗu da ɗaya, aka kwana ana murna. A ranar ba wanda ya san cutar tana yawo a yankin. Bayan kwana biyu aka ba da labarin cewa ta shiga wani gari kusa da Milan.

Kafin wata guda ya cika, gidajen likita na Bergamo sun cika maƙil. Gawawwaki suka yi yawa har sai da motocin soja suka riƙa kwasar su zuwa wasu garuruwa. Ƙungiyar Balansiya ma ta sanar cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƴan wasanta da ma'aikatanta sun kamu. Likitoci da magajin garin Bergamo sun ce wasan nan yana cikin abubuwan da suka sa cutar ta bazu da sauri. Yawancin waɗanda suka mutu tsofaffi ne. Da yawa cikinsu ba su je kallo ba, har gida cutar ta same su.

Matakan da aka ɗauka

Da farko an tsai da wasanni gaba ɗaya. A nan Nijar, ran 17 ga Maris 2020 gwamnati ta ba da umarnin rufe iyakoki da makarantu, ta kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga watan aka sami mutum na farko mai cutar a Yamai. Wasanni suka tsaya, aka rufe har masallatai na ɗan lokaci.

Daga baya sai aka koma wasa ba ƴan kallo. Ƙasar Jamus ta fara haka ran 16 ga Mayu 2020. Ƴan wasa da alƙali da masu ɗaukar hoto kaɗai ake bari su shiga, bayan an auna su. Wasannin Olimpik na birnin Tokiyo, a Japan, an ɗaga su daga 2020 zuwa 2021, kuma kusan duka an yi su kujeru ba kowa. Ɗan ƙasarmu Abdul Razak Isufu Alfaga, wanda ya ciyo mana lambar azurfa a 2016, shi ma haka ya yi wasansa a can, ba mai tafa masa sai abokan tafiya.

Da allurar rigakafi ta samu, sai aka fara buɗe ƙofa kaɗan kaɗan. A gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a Kamaru, daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairu 2022, an ce a cika kashi 60 cikin 100 na kujeru kawai, ko kashi 80 in Kamaru ce take wasa. Dokar ta ce mai shiga ya nuna takardar rigakafi da takardar awon da ta shaida ba shi da cutar. Garuwa, inda Hausawa da Fulani suke da yawa, tana cikin garuruwan da aka yi wasan.

Haɗarin ba cikin fili kaɗai yake ba

Ga wani darasi da ya kamata mu riƙe. Ran 18 ga Yuni 2021, ƙasar Sikotlan ta yi wasa da Ingila a birnin Landan. Tikitin da aka ba mutanen Sikotlan bai kai dubu 3 ba, amma dubban da ba su da tikiti suka tafi duk da haka. Bayan an dawo, hukumar lafiya ta Sikotlan ta ƙidaya mutum 1.294 masu cutar da suka yi wannan tafiya. Cikinsu 397 kaɗai suka shiga filin. Sauran sun yi cuɗanya ne a motoci, da masaukai, da wuraren cin abinci.

Wannan ya nuna mana cewa fili mai iska ya fi ɗaki rufaffe sauƙin haɗari. Motar da aka cusa mutum 20 aka rufe tagogi, da ɗakin da baƙi goma suke kwana, da gidan kallo inda matasa suke matsuwa gaban talabijin ɗaya, duk sun fi filin kokowa ban tsoro. In an hana mu fili muka je muka cika ɗaki, ba mu tsira ba. Mun guje wa ruwa ne muka faɗa rijiya.

Hani yana da ciwo

Ba mu ce rufe fili abu ne mai daɗi ba. Ranar wasa ranar kasuwa ce. Mai tsire, da mai ruwan sanyi, da mai goro, da ɗan kabu-kabu, da makaɗa da maroƙa, duk a nan suke samun na cefane. Ɗan kokowa ma da kyautar ƴan kallo yake rufa wa kansa asiri. In an rufe ƙofa, su ne suke fara jin jiki. Don haka ya dace hukuma ta yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, ta faɗi dalili, ta kuma ɗage hanin da zarar haɗari ya wuce.

Amma mu manoma da makiyaya mun san wannan hikima tun da daɗewa. In ciwo ya shiga garke, mukan ware dabbar da ta kamu. Ba mu kai ta kasuwa, ba mu bari ta sha ruwa kwami ɗaya da na wasu. Mun san hasarar kasuwa ɗaya ta fi hasarar garke duka sauƙi. Wasan da aka ɗaga ana iya yin shi baɗi. Wanda aka kai kushewa ba ya dawowa.

Abin da ya rage gare mu

Ran 5 ga Mayu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Filaye sun sake cika. Amma muna da namu cututtukan da suke bin taro. Sanƙarau yana zuwa da hunturu da bazara, kuma shi ma ta numfashi yake bi. A shekarar 1995 ya kama mutum fiye da dubu 40 a Nijar. Ƙyanda ma haka take yaɗuwa tsakanin yara. Kwalara kuwa ta ruwa da abinci marasa tsabta take shiga, kuma wurin taro nan ne ake sha da moɗa ɗaya.

Saboda haka, in ma'aikatan lafiya sun ba da labarin annoba, ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mai zazzaɓi, ko tari, ko ciwon kai mai tsanani, ko zawo, kada ya je taro. A kai shi likita da wuri.
2. In an hana kallo, mu zauna gida mu saurari wasan a rediyo. Kada mu taru a bakin ƙofar fili.
3. In an ƙayyade yawan masu shiga, mu bi layi, mu bar tazara, mu rufe baki da hanci da ƙyalle.
4. Masu shirya wasa su buɗe ƙofofi da yawa, su ajiye ruwa da sabulu, don kada a matsu wuri ɗaya.
5. Wanda ya dawo daga babban taro ya ɗan nisanci tsofaffi da marasa lafiya na wasu kwanaki.
6. In masu allurar rigakafi sun zo gari, mu fito da iyalinmu duka.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu da annoba, ya ba mu damina mai albarka.