Farin Ɗigo a Jikin Kifinka? Ajiye Kafso Tukuna

Idan kai ɗan Yauri ne, Ngaski ko Shanga, ba sai an koya maka darajar kifi ba. Amma kamun kifi a tafkin Kainji daban, kiwonsa a tankin leda a bayan gida daban. A tafki, kifi na da fili. A tanki kuwa, cutar da ta kama guda ɗaya tana iya gamawa da jarinka kaf cikin 'yan kwanaki.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka ita ce cutar farin ɗigo, wadda masana ke kira Ich. Tana kama tarwaɗa da karfasa, har da kifin ado na cikin gilashi. Za ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa wa kifin gishiri. Yana goga jiki da bangon tanki, yana ƙin cin abinci, yana yawan tasowa sama neman iska. Ta fi ƙamari lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ke raunana kifi.

To ga inda ake tafka asara. Wani zai ɗora hoto a Facebook, nan take a ce masa ya fasa kafso ya zuba. Kafso fa maganin bakteriya ne, ita kuwa wannan ƙwaya ba bakteriya ba ce. Kuɗinka kawai za ka zubar.

Ɗigon da kake gani ƙwayar ce kwance ƙarƙashin fatar kifi, inda magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Sai sun fito suna iyo neman wani kifin ne magani ke cin su. Shi ya sa ɓacewar ɗigo ba ya nufin an warke.

Maganin farko yana kasuwa: gishiri zalla. Ana sa kilo 2 zuwa 3 a kowace lita 1,000 ta ruwa. Narkar da shi a bokiti, ka zuba kaɗan-kaɗan. Ka riƙa zuƙe dattin ƙasan tanki, kuma duk ruwan da ka canza ka mayar da gishirinsa daidai gwargwado. Ka jure kwana 10 zuwa 14, ko da kifin ya murmure. Sinadarin Malachite green kuwa ka yi nesa da shi, domin ƙasashe da dama sun haramta shi a kifin da za a ci.

Rigakafi ya fi sauƙi. Sabbin 'ya'yan kifi ka ware su a wani mazubi aƙalla mako biyu. Kada ka jefa kifin da aka kamo a kogi cikin tankinka, komai kyansa. Kowane tanki da komarsa, kuma kada ka cunkusa kifi fiye da kima.

In mutuwa ta ci gaba, nemi likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi. Cibiyar binciken kifi ta tarayya, NIFFR, tana New Bussa kusa da madatsar Kainji. Tambayi masu sani kafin ka tambayi masu kwament, don ba su ne suka ranto kuɗin jarin ba.