Ko Ka San Ajin Da Ke Cikin Wayarka Yana Da Nasa Agogon?

Ko ka sani, mutumin da ya ƙirƙiri Moodle, manhajar da jami'o'i da dama ke koyarwa da ita ta intanet, ta rediyo ya fara karatu? Martin Dougiamas ya tashi ne a hamadar yammacin Ostireliya. Tsakaninsa da malaminsa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, sai dai su ji muryar juna ta rediyo, jirgin sama kuma ya riƙa kawo takardu lokaci-lokaci. Bayan ya girma ya yi aiki a Jami'ar Curtin da ke birnin Perth, a watan Agusta na 2002 ya fitar da Moodle kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama. Wanda ya san zafin nisa da malami shi ya gina ta, kuma ina ganin alamar hakan a jikinta.

To amma ina ajin yake? Ba ya cikin wayarka. Waya taga ce kawai. Darussa, maki da ayyukanka duk suna ajiye a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana. Idan ka rubuta lambarka ta ɗalibi da kalmar sirri, can ake tantance ka. Ita kalmar sirrin ba a ajiye ta yadda ka rubuta. Ana murɗe ta ne ta zama wasu haruffa da ba a iya juya su baya. Shi ya sa ko ma'aikacin jami'a ba zai iya karanto maka ita ba idan ka manta, sai dai a ba ka damar saka sabuwa.

Ga inda ɗalibai suka fi shan wuya: agogo. Da zarar ka buɗe jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci, sabar ce ke ƙidayar mintuna. Sabis ya ɗauke, caji ya ƙare, data ta tafi, agogon nan bai san da zamanka ba, tafiya yake yi. Haka ma wa'adin miƙa aiki, da agogon sabar ake rufe ƙofa. Sannan akwai tarkon da ke kama sababbin shiga: a wasu darussan, ɗora takarda bai isa ba, tana nan a matsayin daftari har sai ka danna maɓallin miƙawa. Abin takaici ne mutum ya kwana yana rubutu, washegari a ce bai kawo aiki ba.

Kuma Moodle tana rubuta komai. Ranar da ka shiga, sa'ar da ka shiga, shafin da ka buɗe, malami na iya gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajarta ta waya, wadda ke ba ɗalibi damar sauke darussa lokacin da sabis ke da ƙarfi, ya karanta daga baya ba tare da intanet ba. Ga wanda ke ƙauye, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ɗan'uwa ɗalibi, kada ka fara jarrabawa sai wayarka na da caji da data, kada ka bari sai daren ƙarshe, kuma bayan ka ɗora aiki ka duba da idonka ka ga an rubuta cewa an miƙa shi.