Kafin a sayar da gona don karatun jirgin ruwa

Fararen kaya da hula mai tambari da labarin albashin dala sun ja hankalin samari da yawa zuwa aikin jiragen ruwa na kasuwanci. Wasu na tafiya Kwalejin Koyon Aikin Teku da ke Oron a jihar Akwa Ibom, wasu jami'ar teku ta Akra, masu hali kuma har Iskandariya ko Indiya ko Filifin. Ba laifi, sana'a ce mai rufin asiri. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba ranar biyan kuɗin makaranta: difloma ko digirin da yaro zai fito da shi ba ya mayar da shi jami'in jirgi. Abin da kamfanin jirgi ke tambaya shi ne takardar shaidar ƙwarewa, wadda ake kira CoC a taƙaice, kuma makaranta ba ta bayar da ita. Hukumar gwamnati ce ke bayarwa, a Najeriya NIMASA, bayan jarrabawa, kuma ba a zama jarrabawar sai an cika watannin aiki a kan teku.

Wannan ƙa'ida ba wani ofishi a Legas ne ya ƙirƙiro ta ba. Ta fito ne daga yarjejeniyar STCW ta 1978 a ƙarƙashin Hukumar Teku ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, wadda aka yi wa babbar kwaskwarima a 1995 da kuma 2010 a Manila. Ga mai son zama jami'in tuƙi a jirgi mai girman tan 500 zuwa sama, dole ya kai shekara 18, ya yi aƙalla wata 12 a teku cikin tsarin horon da hukuma ta amince da shi, kuma wata 6 daga ciki ya yi su yana tsayuwar duti a ɗakin tuƙi ƙarƙashin kyaftin ko wani jami'i mai takarda. Wanda bai bi irin wannan tsarin ba sai ya yi wata 36. Na ɓangaren inji, a jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750, shi ma wata 12 ne, ana haɗa horon shagon gyaran inji da na teku, da wata 6 na duti a ɗakin inji. Kamar yaron mota ne: komai haddar da ya yi wa dokokin hanya, sai ya sha tafiya a gefen direba kafin a miƙa masa sitiyari.

To, a nan gizo ke saƙa. Makaranta na iya ɗaukar ɗalibai ɗari a aji, amma jirgin dakon kaya da ƙyar yake da gurbin kadet, wato ɗalibi mai koyon aiki, biyu ko uku. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1995, Najeriya ta rasa babbar kafar da 'ya'yanta ke samun wannan horo. Ko shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008, wanda ya tura matasa karatu ƙasashen waje, ya sha fama da wannan matsala, aka samu waɗanda suka gama aji suka dawo gida suna jiran jirgi shekara da shekaru. Idan shirin gwamnati ya yi tuntuɓe a nan, ina ga wanda babansa ya sayar da shanu ya tura shi makarantar kuɗi?

Kuma ba kowane zama a kan ruwa ne ake lissafawa ba. Yaro zai iya yin shekara guda a ƙaramin jirgin da ke kai kaya rijiyoyin mai a gaɓar Neja Delta, ranar da ya kai takardunsa a ce masa abin da ya cancanta shi ne takardar kusa da gaɓa, ba ta fita babban teku ba. Girman jirgi da irin tafiyarsa da matsayin da aka ɗauke shi a kai duk ana dubawa. Wanda aka rubuta a matsayin lebura ko mai taya girki, kada ya sa ran a ƙirga masa watannin a matsayin horon jami'i.

Shaidar aikin teku kuwa littattafai biyu ne. Na farko littafin ma'aikacin jirgi, mai kama da fasfo, inda ake rubuta sunan jirgi da lambarsa ta IMO mai alƙaluma bakwai da girmansa da ranar hawa da ranar sauka, kyaftin ya sa hannu a buga hatimi. Na biyu littafin horo, shafi bayan shafi na ayyuka: jefa anga, ɗaure igiya a tasha, gano inda jirgi yake a taswira, gwada famfon kashe gobara. Kowane aiki da gurbin da jami'i zai sa hannu da kwanan wata. Kadet da ya yi sakaci ya sauka da shafuka fayau ya shiga uku, domin jami'in da ya koya masa yana iya kasancewa a wani jirgin a can wata duniya.

Inda buƙata ta yi yawa, 'yan damfara ba sa nisa. Akwai dillalan da ke buɗe shafi a Facebook ko WhatsApp su ce a biya kuɗin gurbi, su aiko da takardar ɗaukar aiki mai tambarin wani babban kamfani, daga nan waya ta mutu. A sani cewa yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta hana a karɓi kuɗi daga ma'aikacin jirgi don a sama masa aiki. Abin da ya hau kansa shi ne kuɗin fasfo da littafin ma'aikaci da gwajin lafiya, biza ma mai jirgi ne ke biya. Wasu kuma hatimin ƙarya suke sayarwa, a cike wa mutum watannin da bai yi ba. A ganina wannan ya fi na farko muni: ana iya bin diddigin inda kowane babban jirgi yake a kowace rana, kuma wanda aka kama ya rasa sana'ar kenan. Wanda ba a kama ba kuwa, shi za a bar wa jirgi da rayukan mutane da ƙarfe biyun dare.

Akwai gwajin da ya kamata a yi tun kafin a sayi fom, wato na ido. Likita zai buɗe littafi mai ɗige-ɗige masu launi ya ce a karanta lambar da ke ɓoye ciki. Da dare jirgi na nuna jar fitila a hagunsa, koriya a damansa, don haka wanda ba ya bambance ja da kore ba zai zama jami'in tuƙi ba, ko da shi ne na ɗaya a aji. Da yawa masu wannan lalura ba su san suna da ita ba.

Uban da zai biya kuɗi ya tambayi makaranta a rubuce: shin hukumar teku ta ƙasar ta amince da wannan kwas ɗin? Da wane kamfanin jirgi kuke da yarjejeniya, kuma cikin waɗanda suka gama bara nawa ne ke kan teku yanzu? Ya kuma lissafa da kuɗin jira. Takardar lafiya shekara 2 take yi. Horon farko na kariya, musamman na tsira a ruwa da kashe gobara, sai an sabunta shi duk shekara 5. Wanda ya daɗe a gida yana jiran gurbi zai sake biyan waɗannan tun bai taka jirgi ba.