Fakara da 'Yar'uwarta Mai Jan Ƙafa

Wanda ya ratsa unguwar Darmanawa ta birnin Kano a yau, ya bi ta Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi, ya ga gini ya haɗe da gini, da wuya ya gaskata cewa nan gonakin gero da dawa ne a da, irin wuraren da fakara take hawa kan suri da asuba ta yi ta kuka da muryarta mai kaushi. Alhali kuwa tsuntsuwar gona ce, mai ƙaunar gefen shuka da ciyawa, inda take tsince ƙwayar hatsi da ƙwari, wani sa'in ma ta tone gyaɗa, abin da ya sa manoma ba su cika yi mata kyakkyawan zato ba.

Namijinta yana da tsini biyu a bayan kowace ƙafa, kuma ana samun irinta tun daga Sinigal har ƙasar Cadi. Ta fi dogara ga gudu bisa ga tashi. Sai an matsa mata ainun take fuffuka da ƙara, ta ɗan yi nisa, ta faɗa cikin ciyawa. A ƙasa take ƙwai, biyar zuwa bakwai, cikin ɗan ramin da ta share, galibi bayan ɗaukewar ruwa, watau daidai lokacin da mafarauta suke cinna wa daji wuta. A ganina wannan wuta ta fi tarko da bindiga yi mata ta'adi, domin maharbi ɗaya yake ɗauka, wuta kuwa ba ta barin ko ƙwai.

Tana da 'yar'uwa a Faransa da Andalus mai jan baki da jan ƙafa, wadda aka kai Ingila a ƙarni na 18 domin farautar attajirai. A sha'aninta akwai abin al'ajabi cikin hikimar Mahalicci, domin macen takan yi sheƙa biyu, kowace da ƙwai goma ko fiye, ta kwanta a kan ɗaya, namijin ya kwanta a kan ɗayar. Turawa suna kiwonta dubbai suna saki kafin lokacin harbi, mu kuwa zabo kaɗai muka mayar na gida, fakara muka bar ta ga daji, shi ya sa mai neman jin kukanta yanzu sai ya fita bayan gari, ko ya nausa kudu wajen dajin Falgore.